Mangalar Babur: Kwana Goma Sha Biyu Tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo

Laraba, 10 ga Janairu 2024, Achida

Yau igiyar roba ta ci amanata. Na baro Wurno da sassafe, hazo ya lulluɓe fadama har ba ka ganin masu ban-ruwan albasa, sai dai ka ji kukan injinansu. Akwatin sanyi yana kujerar baya, na ɗaure shi kamar kullum da tsohon tiyub ɗin da na tsaga. Dab da shiga Achida na faɗa wani rami da ƙura ta ɓoye, sai na ji tas a bayana. Kafin in taka birki akwatin ya daki kwalta, murfinsa ya yi nasa wuri. Kwalaben ruwan haɗi uku suka tarwatse, na rigakafin kuma suka gangara cikin ƙasa. Wasu yara masu tallar rake ne suka taya ni tsinta.

Aikina duba dabbobi. Mutanen nan "likitan bisashe" suke ce mini, kuma a watan nan ba abin da ya hana ni barci kamar annobar awaki da tumaki da ake kira PPR: majina, ciwon baki, zawo, sai mutuwa, garke guda cikin 'yan kwanaki. Rigakafinta daga Vom ta Jihar Filato yake zuwa, busasshe a 'yar kwalba, kuma ba ya shiri da zafi. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, in an haɗa shi da ruwa kuwa sai a yi maza a ƙarar da shi cikin kamar awa biyu. Wanda ya kwanta a rana bisa kwalta ba zan soka wa akuyar kowa ba, don mai ita zai koma gida hankali kwance alhali ruwa na ɗura mata.

Matan da suka koro awakinsu daga ƙauyuka saboda alkawarin da na yi musu na ranar kasuwa, haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri. Wata tsohuwa mai awaki bakwai ta ce, "Ba komi ɗana, Allah shi kai mu wata Larba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tun a hanyar komowa na yanke shawara: babur ɗin nan sai an yi masa jakunkuna na gefe.

Alhamis, 11 ga Janairu, Wurno

Ban fita ba. Na jawo babur tsakar gida na zauna ina kallonsa kamar yau na saye shi. Tsohuwar Honda Rebel 250 ce 'yar Kwatano, irin mai doguwar ƙira da gajeriyar kujera, wadda mutum ke zama a kai kamar ya zauna a kujerar falo, ƙafafu gaba. Ciwon baya ne ya raba ni da Boxer ya haɗa ni da ita, kuma ban yi nadama ba, domin a cikin yashi ƙafafuna biyu suna taka ƙasa sosai. Sai dai waɗanda suka ƙera ta ba su san akwai wani abu wai shi kaya ba. Boxer tana da kariya da za ka ɗora mata buhun shinkafa biyu ka hau. Wannan kuwa 'yar kujerar baya ce kamar tafin hannu, ga salansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ga fitilun sigina sun tsaya daidai inda jaka za ta rataya.

Na ari sikeli wurin maƙwabcina mai sayen tafarnuwa, na auna duk abin da nake fita da shi. Akwatin sanyi da ƙanƙararsa huɗu, kilo huɗu da rabi. Sirinji da allurai, maganin tsutsa, ruwan wanke ciwo, almakashin yanke kofato, igiya, littafin rajista, sun tasam ma kilo uku. Sai sifana da fulogi da famfo da gorar ruwan sha. Duka ba su wuce kilo goma sha ɗaya ba. Ashe ba nauyi ne matsalata ba, wurin zama ne.

Da yamma ɗan wana ya zo da wayarsa yana nuna mini hotuna. "Baba, dubi na Amurka." Manyan Harley-Davidson ne da baƙaƙen jakunkunan fata, an jera musu ƙusoshi masu ƙyalli, wasu har da geza tana lilo, gadon makiyayan shanunsu masu hawan doki. Wasu jakunkunan yafa su ake yi bisa kujera, ɗaya nan ɗaya can. Wasu akwatuna ne na roba mai tauri da makulli, a ɗaure da noti. Sun yi kyau ƙwarai. Na ce masa ya duba mini ƙarƙashin tayoyin da ke hoton. Kwalta ce sumul, ba rami, ba ƙura, ba ƙaya. Uwargida tana tankaɗe tana jin mu, ta ce, "Malam, ai wannan ta yafawar mangala ce." Ta riga ni gani.

Juma'a, 12 ga Janairu, Wurno

Bayan an sauko daga masallaci na bi ta wajen hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da garin nan ribaɗi ya kuma rasu a nan a 1837. Nakan tuna cewa a zamanin da Wurno take mazaunin sarauta, har Bature Barth ya iske fadar Aliyu Babba a nan a 1853, duk wani gishiri da tufa da littafi da ya shigo garin a bayan dabba ya shigo, ko a kan mutum. Ilmin ɗaura wa abin hawa kaya gida biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ne muka hau inji muka manta.

A hanyar fadama na tsayar da wani dattijo da ke koro jakai uku da taki. Na san shi, na taɓa yi wa tumakinsa magani. Na ce, "Baba, yau ni na zo koyo." Ya yi dariya, ya tsayar da na gaba, ya ɗaga gefen mangalar ya nuna mini akumarin da ke ƙasa, ya sha gumi har ya yi baƙi.

"Likita, ba nauyi ka kashe jaki ba, karkata ta. In gehe guda ya hi guda, kahin ka kai gida bayanai ya yi gyambo. Shi a sa in kaya sun ƙi daidaita mu kan sa dutsi ga gehen da yar rage." Ya dafa akumarin. "Wanga kuwa shi ka raba kaya da jiki. Naka jakin mi za ka sa mai?"

Na tsuguna na duba da kyau. Kayan ba a saman gadon baya suke ba, sun sauka ƙasa dama da hagu, shi ya sa jakin ke ratsa kunya-kunya ba ya tangaɗi. Ni kuwa shekara biyu ina ɗora akwati can sama a bayana, kowane rami sai ya yi tsalle. Tambayar dattijon ta bi ni har gida. Jakina yana da taya mai juyawa da salansa mai ƙuna, akumarinsa dole ya zama na ƙarfe.

Asabar, 13 ga Janairu, Sakkwato

Tun da man fetur ya haura naira 600 bayan cire tallafi a 2023, zuwa birni ya zama abin lissafi, don haka na haɗa buƙatu uku a tafiya ɗaya: karɓo sabon rigakafi, duba jakunkuna, da ganin dukawa.

Na fara da masu kayan babura. Shago biyar na shiga kafin in sami mai irin abin da nake nema, don 'yan kabu-kabu ba su da ruwa da jaka, kariya da roba sun ishe su. Wani matashi ya zaro mini baƙaƙe guda biyu daga cikin leda, suna sheƙi, da ƙusoshi kamar na hoton jiya. Ya rantse mini fata ce zalla. Na juya bakin ɗinkin, sai ga farin yadi a bayanta. Na ɗiga mata ruwa daga gorata, ya tsaya bisa kamar a kan faranti. Na shinshina, warin sabon takalmin roba. Irin abin da ake rufe kujerun mota da shi ne. Ban yi masa musu ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Amma na san abin da ranar Afirilu ke yi wa irin wannan: ta bushe, ta tsattsage, ta riƙa zubar da ɓawo. Kowace kuma da zif biyu a ƙarƙashin murfi.

Akwatunan roba masu makulli sun fi jan hankalina. Ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, ɓarawo sai ya sha wuya. Na daɗe ina juya ɗaya a hannu. Abin da ya hana ni uku ne, kuma na ukun ya fi nauyi. Akwatin sanyina bai shiga ba, bakinsu ya yi ƙunci. In babur ya kwanta a kan dutse suka tsage, ba mai gyara su daga nan har Sabon Birni. Sannan na tuna shingayen da ke kan hanyarmu, na ƙiyasta kaina tsaye ina laluben makulli a aljihu, mai bindiga na jira.

Daga nan na nufi Shiyar Maɗunka. Tun daga bakin lungu warin jima ke tarbar mutum, ga jajayen fatu an shanya, ga tumtum da gafaka da kube a rataye. A nan ne fatar jar akuyar Sakkwato ke zama abin da duniya ta sani. Ita ce fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. An nuna mini wani tsohon baduku da ke ɗinka kayan doki. Na gaishe shi, na zauna a bakin tabarma, na nuna masa hoton da ɗan wana ya tura mini. Bai ko karɓi wayar ba.

"Mi za ka ɗauka ciki?"

Duk yinin nan shi ne mutum na farko da ya yi mini wannan tambaya. Na fita na kwanto akwatin sanyi na ajiye gabansa. Ya auna shi da taƙi, tsawo da faɗi da zurfi, ya ɗaga ya ji nauyi. Na ce ina son jar fatar nan mai laushi. Ya girgiza kai.

"Ɗana, hwatar akuya ta ado ta. Wata guda ga hanyar Goronyo sai ta sakwarkwace. Kirgi ka yin wanga aiki."

Ya jawo wani kirgin sa daga ƙarƙashin buzunsa, mai kaurin bel ɗin soja, ya lanƙwasa shi ya sake, ya koma yadda yake. Ya ce majema sun jiƙa shi a toka sun tuge gashin, ya kwana da kwanaki cikin ruwan bagaruwa, aka shafe shi da man gyaɗa. Ya kuma yi mini kukan da na saba ji a mahauta: kirgi ya yi tsada saboda fatar shanu yanzu tukunya take tafiya, masu ganda suna biyan abin da majemi ba zai iya ba. Don haka ya ba da shawarar a yi jikin jakar da tamfol mai kauri irin na rufin babbar mota, a sa kirgi a gindi da kusurwoyi da murfi da maɗauri, wuraren da ke shan wuya. Na ce to a fara. Ya ce a'a.

"Tahi ka yo ƙarhen tukuna. Ba a ɗunka riga ba a ga mai ita ba."

Kafin in baro gari wani abokina mai babban babur ya ara mini tsofaffin jakunkunansa na yafawa, irin na shagon nan, in rage zafi da su.

Lahadi, 14 ga Janairu, Goronyo

Ranar kasuwa. Na yafa jakunkunan aro, na zuba magunguna da kayan aiki, akwatin sanyi kuma na goya shi a baya da majanyin uwargida, don ban ƙara yarda da roba ba.

Wanda bai san gabashin Sakkwato ba zai ɗauka zancen jakar babur zancen ado ne. A nan babur ya daɗe da zama abin tuhuma, domin a kansa 'yan bindiga ke zuwa, a kansa kuma masu kai musu mai da burodi da magani ke tafiya. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita lokacin hawan babur, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23. Ranar 17 ga Oktoban shekarar, ita ma Lahadi, aka buɗe wuta a kasuwar nan ta Goronyo, gwamnati ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Akwai waɗanda nake yi wa shanu allura a cikinsu. Har yau in na shiga kasuwar sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Saboda haka ban ga laifin jami'in da ya tsayar da ni bayan Marnona ba. Baƙon babur, baƙaƙen jakunkuna biyu a rufe, mutum da akwati a goye. Ya ce in buɗe. Maɗauri biyu a kowace jaka, na kwance. Zif na farko ya buɗe da ƙyar. Na biyu ƙura ta cike haƙoransa, ya tsaya a tsakiya, na ja, na ja, kan ya fita a hannuna. Sai da na sa wuƙa. Abin da ya fara bayyana kuwa sirinji ne da kwalaben magani. Na ga fuskarsa ta sauya. Katin aikina yana can ƙasan ɗaya jakar, ƙarƙashin igiya da sifana. "Yallaɓai, likitan dabbobi ne ni," na ce, hannuwana a fili, har na tono shi. Ya karanta, ya dube ni, ya ce in riƙa ajiye shi kusa. Gaskiya ya faɗa.

Ban gama da wannan ba, da na isa kara sai na ji ƙauri. Jakar dama ta saki saboda ramuka, gindinta ya kwanta bisa salansa, ya narke ya yi rami kamar bakin kofi. Robar maganin tsutsa da ke ciki ta lotsa. Ta hagu kuma ta lanƙwasa ciki tana gogar sarƙa, duk ta yi baƙin giris. Da a ce maɗaurinta ne ya shiga tayar ina gudu, da wani labarin ake yi. Na kira abokina na gaya masa, zan biya. Na yi aikina, na baro Goronyo tun la'asar da sauran rana, kamar yadda kowa ke yi yanzu.

Litinin, 15 ga Janairu, Wurno

Wurin mai walda tun hantsi. Yaro ne matashi mai gyaran injinan ban-ruwa da ƙyamaren gida, bai taɓa yin irin wannan ba, amma yana da ido. Na fara zana masa a ƙasa, sai ya ce in dakata. Ya jawo wata Boxer da ke jiran gyara, ya nuna mini ragar ƙarfen nan da ke gefen tayarta ta baya, wadda Indiyawa ke sa wa don kada zanen mata ya shiga taya. "Likita, ba wannan ka ka nuhi ba, sai dai a yi mata gindi?" Ita ce.

Ya lanƙwasa rodi mai kaurin ɗan yatsa ya yi firam biyu, kowane da 'yar baranda a ƙasa inda jaka za ta zauna. Na hana shi ɗora wuta a jikin babur. Da noti muka ɗaure su a ramukan da ke riƙe da murfin taya, yadda in sun karye za a kwance a gyara. Wajen awo muka fi daɗewa. Babur a tsaye ba kowa tsayinsa daban, in an hau shi daban. Na hau, yaron shagonsa ya hau bayana, muka riƙa dannawa muna saki shi kuma yana tsugune yana duba inda firam ke kaiwa. Muka bar yatsa huɗu tsakanin baranda da salansa a lokacin da babur ya fi nutsewa. A ƙarƙashin kowace baranda ya liƙa fallen alminiyam da ya yanko daga tsohuwar tukunya, ya bar 'yar tazara don iska ta ratsa. Fitilun sigina ya mai da su baya kusa da lamba, mai gyaran wuta ya ƙara musu waya.

Talata, 16 ga Janairu, Rabah

Gwaji. Akwatin sanyi a barandar dama, nesa da sarƙa, kuma gefen da motoci ba sa gogar mutum in za su wuce shi. Sauran kaya a cikin buhu a hagu. Na auna su kafin in fita, dama ta gaza da kusan kilo ɗaya, na ƙara mata gorar ruwa ta biyu. Dutsen dattijo ke nan, sai dai nawa ana sha.

Bambancin tun daga kwanar farko na ji shi. Babur ya daina rinjaya ta sama, ya kama ƙasa. Na ratsa garin Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, inda aka haife shi a 1910 ya kuma zama hakimi a 1934, na sauka daga kwalta na bi hanyar yashi zuwa ƙauyukan bakin gulbi. A wani gangare tayar gaba ta nutse, babur ya kwanta hagu a hankali. Firam ɗin ne ya karɓi faɗuwar, ya ɗan lanƙwashe, ƙafata ba ta maƙale ba. Na taka shi da ƙafa ya miƙe. Da akwatin roba ne da sai dai tsintar gutsattsari. Abu ɗaya na lura: faɗina ya ƙaru, a 'yar hanyar da ke tsakanin shingen gonaki ƙaya ta yi ta kamun buhun. Zan gaya wa baduku kada jakunkunan su wuce faɗin kan babur.

A ƙauyen na yi wa awaki tamanin da uku allura, yawancinsu jajaye, gajerun gashi, masu sheƙi. Ina shafa bayan wata na ji ƙurajen ƙazuwa, wata kuma an yi mata lalas a cinya. Na tara masu su na gaya musu abin da na gano a Maɗunka: kowane tabo a jikin akuya rami ne a fatarta, kuma baduku ba ya sayen rami. Sun saurara fiye da yadda suke saurarona in ina zancen cuta kawai.

Laraba, 17 ga Janairu, Achida

Na cika alkawari. Tsohuwar ta zo da awaki shida. Ta bakwai ta mutu ran Asabar. Na sani ko da na yi mata allura waccan Larabar ba lalle ta tsira ba, don rigakafi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma sai ya kwana biyu kafin ya kama jiki. Sanin bai rage mini komai ba. Na duba sauran da kyau, na ce ta ware su daga na maƙwabta. Da yamma na kwance firam ɗin na ba direban da ke zuwa birni ya kai wa baduku, da takardar awo.

Asabar, 20 ga Janairu, Sakkwato

Sun yi. Na same su jingine da bango, an riga an sa su a firam. Jikin koren tamfol ne ninki biyu, gindi da kusurwoyi kirgi, murfi kirgi guda ba haɗi, ya sauko taƙi guda ya rufe baki, da 'yan kunnuwa a gefe don ƙura. Ba zif ko ɗaya. Kowace jaka maɗauri guda ne, da hannu ɗaya ake buɗe shi. Ɗinkin hannu ne, ya huda da basilla ya bi da zare biyu da ya murza da kakin zuma, in ɗaya ya tsinke ɗaya na riƙe. Ta dama ya shimfiɗa mata soso a ciki, akwatin sanyi ya shige cif ba ya motsi. A bayan kowace akwai madaukai huɗu da ke kama firam, sannan wani faffaɗan kirgi ya haɗa su biyun ta ƙarƙashin kujera. Mangala sosai.

Aljihun da na roƙa na katin aiki yana kan murfin hagu, daga waje. Abin da ban roƙa ba shi ne siririyar jar fatar akuya, rinin karan dafi, da ya bi bakin murfin da ita. Na ce, "Baba, ai ka ce ta ado ce." Ya ce, "To ai ga adon nan. A san inda anka yi ta."

Na karɓi butarsa na kwarara wa murfin ruwa, na buɗe, ciki a bushe. Ya ce duk da haka in damina ta faɗi in sa littafina a leda, kuma duk wata in shafa wa kirgin man kaɗe, kada in bar shi ya yini a rana ba dalili. Kuɗin da na biya shi da na mai walda, a haɗe, sun ɗara na jakunkunan shago, ba su kai na akwatunan roba ba. Ban taya ba.

Lahadi, 21 ga Janairu, Goronyo

Da asuba ɗan wana ya rubuta LIKITAN DABBOBI da farin fenti a jikin kowace jaka. A shinge na tsaya, na zaro kati daga aljihun waje, na ɗaga murfi biyu. Ban ko kashe inji ba aka ce in wuce.

Daga kasuwa na zarce ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ruwa. Dam ɗin nan da aka gama a 1984 a kan Gulbin Rima, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, shi ke shayar da albasa da shinkafa da alkamar da ake nomawa har Wurno, shi ne kuma ruwansa ya ci garuruwa a ambaliyar 2010. Hanyoyin gefen magudanan ruwa duk ramuka ne da taɓo. Na bi su awa uku. Ƙarfe ɗaya na rana na buɗe akwatin sanyi na duba ma'auni: digiri 6. Na taɓa gindin jakar dama, ɗumi kaɗan, wanda bai kai na tafin hannu ba. Na buɗe ta hagu, littafin rajista ba ƙura.

Suna da aibinsu. Sun fi na shago nauyi. Ba makulli, don haka in zan shiga cikin kasuwa sai in saɓa akwatin sanyi in bar babur wurin mai shayin da na sani. Kuma damina ba ta gwada su ba tukuna. Amma a hanyoyin nan uku, da wannan kaya, ban ga abin da ya fi su ba, kuma duk abin da ya lalace a jikinsu akwai mai gyara shi tsakanin Wurno da Sakkwato.

Ina kira ga 'yan'uwana masu yawo da maganin da ba ya son zafi, na dabba ko na mutane, masu rigakafin yara da ungozomomi da malaman gona: a daina ɗaure akwatin sanyi da tiyub. Wanda zai yi irin tawa, ko Boxer gare shi ko wani, ya fara auna kayansa a sikeli, ya je wurin mai walda kafin baduku, a yi awon yana zaune a kan babur ɗin. In zai je Maɗunka kuma, ya tafi da akwatin a hannu.